An Ɗaga Motar Injiniya

Injiniya ya kafa sandarsa a bakin ƙofar garejin, ya jawo ƙafar hagu ta tsallake kwatami, sannan ya tsaya yana mayar da numfashi. Auta ta kai hannu za ta riƙe shi, ya girgiza kai.

"Bar ni. Garejin nan na san shi tun ba a haife ki ba."

"Baba, akwai baƙin mai a ƙasa, santsi gare shi. Da ma gida muka wuce, yanzu fa ka fito daga gashin ƙashi."

"Kwana tara," ya ce. "Shokazoba huɗu, kwana tara. Ko ƙera su ake yi ai sun isa."

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, wata safiya yana tsaye gaban madubi yana gyara gemu. Kafin nan shekara talatin da biyu ya yi yana haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma ashirin da biyu daga ciki a farar jif ɗinsa ya yi su, mai ja da tayoyi huɗu, wadda ta shiga dazukan da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya shiga. Tun da ya kwanta, babban ɗansa Dogo ne ke tuƙa shi asibiti sau uku a mako. Sauran kwanakin motar na ajiye ƙarƙashin tagar ɗakinsa, kullum da safe sai an tayar masa da ita ya ji ƙarar injin kafin ya karya. Ran nan Dogo ya ce shokazoba sun mutu, kowane rami sai ya buga wa Baba a gadon baya, bari ya kai ta wurin Noti bakanike, kwana biyu a gama. Tun daga ranar sai tasi suke hawa shi da Auta, in ya tambaya a ce kaya ne ba su iso ba.

Garejin yana nan yadda ya san shi: rumfar kwano mai yoyo, rami biyu na shiga ƙarƙashin mota, tarin tsofaffin injuna a kusurwa, rediyo na magana ba mai sauraro. Ya bi motocin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bas ba gilashi, ƙaramar mota an ɗaga bakinta, wata ƙatuwar jif a kan rami na biyu mai tayoyi kamar na tarakta. Ya wuce ta, ya leƙa bayan rumfa. Ba komai sai gawar wata motar ɗaukar kaya.

"Ina ya kai ta?" ya tambaya.

Idon Auta na kan ƙatuwar jif ɗin.

Ya juyo a hankali. A ƙofar baya akwai wata lotsawa mai kamar jinjirin wata, inda bututun haƙa ya taɓa suɓucewa ya doke ta shekarun baya. Bai taɓa yarda a buga wurin ba. Ya daɗe yana kallon lotsawar, domin a da tana daidai ƙugunsa ne, yanzu kuwa ta kai masa ƙirji.

Motarsa ce. An cire tayoyinta an sa wasu masu faɗi, masu haƙora zaƙo-zaƙo, har sun leƙo waje da jikinta. Tsakanin taya da madgad, wato ƙarfen da ya lulluɓe samanta, inda da ƙyar yake tura tafin hannu, yanzu akuya za ta iya kwanciya. Sababbin sifirin jajaye suna ƙyalli a ciki. An yanke gefen madgad ɗin gaba, an shafa fenti wanda bai dace da na asali ba. Matakin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, wanda yake takawa ya shiga, babu shi.

"A'a! Wa nake gani? Injiniya da kansa!"

Noti ne ya fito daga ramin, yana goge hannu a gaban rigarsa. Tsoho ne siriri, kansa fari fat in ban da inda mai ya taɓa. Tun suna samari yake gyara wa Injiniya mota, sunan ma Injiniya ne ya laƙaba masa, saboda ba ya aiki sai da noti a baki kamar alewa.

"Ka zo ganin amarya? To ga ta nan, sai kallo. Taƙi ɗaya da yatsu biyu na ɗaga ta. Sifirin sabo, shokazoba dogaye, tayoyin nan kuwa ko cikin taɓo ka jefa ta sai ta fito tana dariya. Wallahi da muna da irin wannan lokacin da kake yawon dajinka, da ba mu sha turi ba. Ya jikin? Ka ga har ka yi ƙiba."

"Wa ya sa ka?"

Noti ya tofar da notin a tafin hannunsa. "Kamar yaya wa ya sa ni? Kai mana. Dogo ya ce kai ka ce a yi."

"Ni na ce a yanka mini madgad?"

"Ai in ba a yanka ba taya za ta riƙa gugar..." Ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai. Ya dubi Injiniya. "Ba ka sani ba?"

"Shekara nawa muke tare, Noti? Ƙwan fitila za ka canja sai ka kira ni ka ce wanne nake so. Ranar da ka ga tsatsa a salansa sai da ka tashe ni daga barcin rana. Yau ka ɗora almakashi a jikin motata, wayarka ta mutu ne?"

"Ya ce likita ya hana a dame ka."

"Ka kuma yarda."

Noti ya juya notin a hannunsa. "Na ɗan yi mamaki, ba zan ɓoye maka ba. Da na zo cire matakin nan sai da na tsaya, na ce to shi ta ina zai hau? Ya ce an yi magana a gida. Ni kuma maganar gida ba tawa ba ce."

Injiniya ya juya masa baya. Ya taka zuwa ƙofar gaba, gefen mai zaman banza inda yake zama tun da ya kwanta, ya jingine sandar, ya buɗe. Ƙamshin cikin bai canja ba, na tsohuwar kujera da ƙura da man giris. Tabaransa na rana yana nan inda ya bar shi. Sai dai kujerar da a da yake juyawa kawai ya zauna, yanzu tana can sama daidai haƙarƙarinsa.

"Baba, don Allah," in ji Auta.

Ya miƙa hannun dama ya kama mariƙin da ke saman ƙofa. Ya ɗaga ƙafar dama, ya bar nauyinsa a kan ta hagu kamar yadda mai gashin ƙashi ta koya masa, ƙirga uku, ɗaya, biyu. Tafin ƙafar ya kai bakin ƙofar ya zame. Ya sake. A karo na biyu ya samu ya ɗora ta, ya ja jikinsa da hannu ɗaya har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya tashi daga ƙasa kamar yatsu huɗu, ya tsaya a nan yana rawa. Gwiwar hagu ta lanƙwashe. Sandar ta faɗi ta yi ƙara a kan siminti, da Auta da Noti ba su tare shi ba da ƙeyarsa ta daki bakin ramin.

Guduma ta daina bugawa a ɗaya ɓangaren garejin. Wani ya rage muryar rediyo, wannan kuwa ya fi faɗuwar yi masa ciwo.

Suka zaunar da shi a kan wasu tayoyi biyu da aka jera a gindin ginshiƙi. Sai da numfashinsa ya dawo ya lura da facin da ke gefen ta sama, ya gane tsofaffin tayoyinsa ne.

A haka Dogo ya same su. Ya shigo da sauri rungume da kwalin manyan fitilu, yana cewa, "Kawu, na samo su, amma wayar ba ta..." Maganar ta maƙale. Ya ajiye kwalin a ƙasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Baba. Me ya kawo ka nan?"

"Shokazoba na zo dubawa. An ce sun mutu."

Dogo ya harari ƙanwarsa. Ta ce, "Kar ka kalle ni, Yaya. Shi ya ce wa mai tasi ya juyo."

Dogo ya durƙusa gaban mahaifinsa. Shekararsa talatin da huɗu, da digirinsa, da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗakunan bayan gidan Injiniya. Shekara uku ke nan da kamfanin da yake yi wa aiki ya rufe, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya san hanya.

"Baba, na so in gaya maka in an gama. Akwai kamfanin da ke kafa turakun waya a bayan duwatsu. Suna neman mota da direbanta, wata shida, in an ji daɗin aiki a ƙara. Amma sharaɗinsu sai wadda aka ɗaga, mai manyan tayoyi, saboda hanyar. Ran Litinin zan fara."

"Za ka fara."

"E, Baba."

"Kamfani ba ya ɗaukar mota sai ya ga takardu. Takarduna suna cikin durowar gefen gadona, makullin yana ƙarƙashin matashina. Ba ka shiga ɗakina sai ina ciki."

Injiniya ya juya ya dubi wadda ke gyara masa shimfiɗa kowace safiya, wadda ke yanke masa farce, wadda ta ajiye karatunta na wannan zango don ta zauna da shi. Auta ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Ashe da ɗan gari," ya ce a hankali. "Tayoyin fa? Irin waɗannan ba a tsintar su a bola."

"Mama ce ta saya."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Shekaranjiya ya tambayi matarsa ina keken ɗinkinta, ta ce ta ba da shi gyara. Gidan nasa kowa gyara yake kaiwa.

"Da ka zo ka ce, Baba ba ni aron mota in nemi abinci, da na hana ka?"

Dogo ya ɗago kai. Idonsa ya yi ja. "Da ka hana ni, Baba. Sau biyu ina tambayarka. Bara ka ce motarka ba ta haya ba ce. Bayan ka kwanta na sake, ka ce in jira ka miƙe. Yaran nan an koro su daga makaranta sau biyu, ba mu gaya maka ba. Motar tana ajiye ana tayar da ita tana shan mai a banza, ni ina zaune kamar turmi."

Gaskiya ne, ya faɗi haka, kuma gaskiyar ba ta rage masa komai ba.

"To ai miƙewar nake yi. Wata uku da suka wuce ko cokali ba na riƙewa. Yau sau goma na tashi daga kujera ba a kama ni ba, tambayi ƙanwarka. Kafin ƙarshen shekara zan taka kuloci. In na miƙe na tarar da motata ta koma bene, da tsani zan hau?"

"Baba..." in ji Dogo.

"Yaya, kar ka..." in ji Auta.

"Ba za ka sake tuƙi ba, Baba." Dogo ya faɗe ta da sauri, kamar mai cire ƙaya. "Likita ya faɗa. Ba ƙafar ba ce kaɗai. Idonka na hagu ba ya ganin gefe, kuma ya ce ba zai dawo ba. Ko ƙafar ta warke ba za a bar ka ka hau titi ba."

Rediyon ma kamar ya yi shiru.

"Yaushe ya faɗa?"

"Wata huɗu ke nan."

"Wa ya faɗa wa?"

"Ni da Mama. Da Auta. Mama ta ce in ka ji za ka daina zuwa gashi."

Wata huɗu. Akwai wata 'yar ƙwallon roba da yake matsawa da hannun hagu sau ɗari da safe, sau ɗari da yamma, don yatsun su iya riƙe sitiyari. Matarsa ce ke ƙirga masa, in ya kai casa'in ta ce, "Saura ƙiris, direba." Auta ta sa masa bulo a gindin kujera yana takawa a matsayin kuloci, tana yi masa ƙarar inji da baki, su yi ta dariya. Dogo kuwa duk sanda suka dawo daga asibiti sai ya ce, "Baba, na gaji da tuƙa ka, ka yi ka karɓi abarka." Duk sun sani. Shi kaɗai ne a gidan yake jiran ranar.

"Kai ma ka sani?" ya tambayi Noti.

"Wallahi yanzu nake ji."

"To, mu biyu ke nan."

Injiniya ya ɗora haɓarsa a kan sandar da Auta ta miƙo masa. Takardun da sunansa suke. Kalma ɗaya zai faɗa Noti ya kwance jajayen sifirin nan, a mayar da tayoyin da yake zaune a kai, motar ta koma ƙarƙashin taga. Ya ji kalmar a bakinsa, tana da daɗi. Ya ga ran Litinin Dogo zaune a tsakar gida yana danna waya, da yaran biyu ba su sa kayan makaranta ba.

Daga inda yake zaune, ƙasa-ƙasa, idonsa yana daidai da cikin motar. Ba da niyya yake kallo ba, sabo ne na wanda ya sha kwanciya ƙarƙashinta a daji. Ya bi sifirin, ya bi shokazoba, ya tsaya a kan wani siririn baƙin tiyo da ya sauko daga jikin motar zuwa bayan taya.

"Noti. Tiyon birkin nan, tsohon ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, bara na sa shi."

"Ban ce ya lalace ba. Kawo jak. Ɗaga ta ta jiki, ka bar tayar ta yi lilo."

Noti ya buɗe baki zai yi musu, ya fasa. Ya jawo jak ya sa, ya dinga bugawa. Jikin motar ya tashi, tayar ta saki ƙasa tana saukowa, tiyon yana miƙewa, yana miƙewa, har ya tsaya cak kamar tsirkiyar baka. Noti ya sa yatsa ya taɓa shi. Bai ko motsa ba.

"Ka ƙara mata tsawo ba ka ƙara wa tiyo ba," in ji Injiniya. "Ramin farko da za ta faɗa da gudu zai tsinke. A kan gangaren dutse, da mutane a ciki."

Noti ya share goshinsa, ya bar baƙin layi. "Subhanallahi. Sauri yake ta yi mini, ni kuma... A'a, laifina ne. Tsufa."

"Sa dogaye, gaba da baya. Safayar da ke ƙofar baya ƙarama ce, ba za ta tafi da waɗannan ba, a nemo irinsu. Fitilu sun koma kallon sama, a sauke su. Sannan ka gaya wa mai motar, yanzu ta yi tsayi, ba ta son a sha kwana da gudu, kifewa za ta yi. Ka gaya masa allurar gudu za ta riƙa yi masa ƙarya, in ta nuna tamanin ya fi tamanin. In ya ratsa ruwa ya taka birki sau uku kafin ya saki jiki."

Dogo yana durƙushe taku ɗaya daga gare shi. "Baba, ga ni nan fa. Ina ji."

"Ka gaya masa," Injiniya ya ce wa Noti.

Ya kafa sandar, ya tura jikinsa gaba, ya ƙirga uku a ransa, ya miƙe. Ba wanda ya yi gigin taɓa shi.

"Baba, tsaya a sauke ta in kai ka gida," in ji Dogo. "Zan ɗaga ka in sa ka a kujera, ba wuya. Zan sa a ƙera mataki mai naɗewa, na riga na yi magana da mai walda."

"An ɗaga mota, ya isa haka. Ni ba za a ɗaga ni ba."

Ya nufi ƙofa. Tafiyar ta yi masa tsawo fiye da ta shigowa, sandar na gaba, ƙafar hagu na jan ƙasa. Noti ya biyo shi har bakin kwatami yana cewa, "Injiniya, ka yafe ni, da na kira ka." Ya ɗaga masa sandar kaɗan ba tare da ya waiwaya ba.

A bakin titi rana ta take. Auta ta tsaya a gefensa na hagu, sai ya lura ba ya ganinta sai ya juya kai gaba ɗaya. Ya daɗe da lura da hakan, yana cewa tabarau ne suka tsufa. Ya ɗaga hannu da kansa ya tsayar da wata tsohuwar tasi mai jan ciki a ƙasa. Ya buɗe gaba, ya juya, ya zauna, ya jawo ƙafar da hannu ya shigar da ita. Auta ta shiga baya tana share ido.

"Baba, wallahi don kar ka karaya ne. Mama ta ce..."

"Ina muka nufa, Baba?" in ji mai tasin.

Auta ta fara faɗin unguwarsu. Ya katse ta.

"Babban asibiti."

"Baba, ai mun gama na yau."

"Likitan yana nan har ƙarfe biyu. Idona ne da ƙafata, ina so in ji daga bakinsa." Ya jawo bel da hannun dama, ya lalubi ramin har ya ji ya kama. "Ke za ki jira ni a waje."